A Kan Shashantar da Magana

 Yau kalma guda tak na ke so mu zauna a kanta. Ba a rubuta ta a allo, ba a kuwa biya ta a zaure, amma babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a yi aiki da ita a Gaya da Ajingi sau ɗari ba. Kalmar ita ce shashantarwa, kamar a ce wane ya shashantar da maganar. Na daɗe ina jin ta a bakin mutane ban tsaya na auna ta ba, sai da ta kusa cinye mini yaro a makaranta, labarin kuwa yana nan tafe.

Mu fara da gidan da ta fito. Danginta su ne shashasha da shashanci. Shashasha shi ne mutumin da ba a aikensa da kuɗi, ba a bar masa jiran rumfa, domin hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka ce almajiri ya shashance, watau ya saki allonsa, ya bi 'yan kallo. To, idan aka ce mutum ya shashantar da abu, ma'ana ya ɗauke shi daga cikin abubuwan da a ke tsayawa a kansu, ya jefa shi cikin abubuwan wasa. Ana kuma cewa ya shashantar da ni. Wannan shi ne ka je wa mutum da buƙata, ko da bashin da ka ke bin sa, ya tarye ka da fara'a, ya sa a kawo ruwa, ya tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya kawo labarin tsadar taki, har a kira salla ku tashi, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Sai ka kama hanya sa'an nan ka tuna abin da ya kai ka.

Abin mamaki a nan, shashasha ba ya iya shashantarwa. Aikin masu wayo ne, sai wanda ya san nauyin magana ya ke sanin ta inda zai ɗaga ta ya kawar gefe.

Mutane da yawa su kan haɗa ta da raini, alhali kuwa akwai rata a tsakaninsu. Raini a zuci ya ke. Mai raini ya dubi abu ya gan shi ƙarami, kuma har ga Allah haka ya ɗauke shi, ko da kuskure ya yi. Shi ne Bahaushe ya ke ja wa kunne da cewa ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido, da kuma kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Maganinsa ilmi ne, ran da ya taka kunamar ya warke. Shi kuwa mai shashantarwa ya ga kunamar sarai, ya san harbinta, sai ya ɗora ƙafar tabarma a kanta ya ce wa baƙo zauna, ƙwaro ne. Af, tun da mun ambaci raina, bari in tuna wa masu koyon rubutu cewa kalma uku ke shiga riga ɗaya a nan: raina na wulakanci, da raina na rainon yaro, da raina watau rayuwata. Alƙalami ba ya nuna hawa da saukar murya, ko a ajami ko a boko, sai mai karatu ya dubi abin da ke gaba da baya. Na taɓa ganin wasiƙa ta haddasa fushi a kan wannan, amma ba shi ne zancenmu ba.

Haka kuma ba ɗaya ta ke da biris ba, ko kunnen uwar shegu, ko abin da yaran yanzu ke cewa ya basar. Waɗannan duka da rufe baki a ke yin su. Shashantarwa kuwa sai an buɗe baki, sau da yawa har da dariya. Shi ya sa ta fi su wuyar kamawa. Wanda ya yi biris da kai ka san matsayinka, ka nemi wata ƙofa. Wanda ya shashantar da kai sai ka koma gida kana yaba kirkinsa.

Kayan aikinta 'yan ƙanana ne ƙwarai, kowa yana da su a aljihu. Babba a cikinsu shi ne ɗan da 'yar. Ɗan zazzaɓi, ɗan tari, 'yar gudawa, ɗan bashi, 'yar hatsaniya. Sai kawai, sai dai, sai ai, sai ba kome. Waɗanda suka yi nisa a nahawu sun san babin tasgiri a Alfiyyar Ibn Malik, inda a ke mai da rajul ya koma rujail, kitab ya koma kutayyib. Malaman lugga sun bayyana cewa ba don ƙanƙanta kaɗai a ke yin tasgiri ba. Ana yin sa don wulakantarwa, ana yin sa don nuna kusanci, ana yin sa don tausayi da ƙauna, har malaman Kufa suka ce wani lokaci don girmamawa a ke yi. To, ɗan namu na Hausa shi ma haka ya ke, yana da fuska da yawa. Attajiri ya ce ya gina ɗan gida, ka je ka tarar da soro a kan soro, wannan kawaici ne. Uwa ta ce ɗan yarona, wannan ƙauna ce. Amma dillali ya ce ɗan ɗingishi ne, to, a nan sai a tsaya a duba. Lafazin ɗaya ne, sai dai wanda zai biya kuɗin ƙanƙantawar ya bambanta.

Kada wani ya ce Malam ya zo ya haramta mana al'adarmu. Ni ma Bahaushe ne, na san ba mu iya zama da juna in babu wannan sassauci na harshe. Ka je duba majinyaci, ka ce yaya jiki, ko yana kan gargara zai ce da sauƙi. Ka tambayi manomin da fari ya cinye gonarsa, zai ce an gode Allah. Wannan haƙuri ne, ciwon nasa ne, yana da ikon ya rage masa suna. Ku dubi kuma yadda mu ke sanar da rasuwa. Tsoho ya cika a Gaya da asuba, ɗansa yana kasuwar Kwari a birni, ba a ce masa ya rasu. Sai a ce jikin Baba ya ɗan matsa, ka taso. Shi ma mai jin ya gane, amma an ba shi igiyar da zai riƙe har ya sauka daga mota lafiya. Gaskiyar ba ta ɓace ba, tana jiransa a ƙofar gida, tsawon tafiya kaɗai aka jinkirta ta, kuma jinkirin bai cuci kowa ba.

Akwai ma wadda ta fi wannan kyau, ita ce ta dattawa. Mutum biyu sun ɗauki zafi a majalisa a kan iyakar gona, wannan ya faɗi baƙa, wancan yana shirin mayarwa. Sai wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce, kai, ku kun tuna shekarar da jakin wane ya faɗa rijiya? Aka yi dariya, wuta ta mutu. Ana cewa tsohon ya shashantar da zancen, kuma yabo ne. Amma ku lura da abin da dattijon kirki ya ke yi bayan nan. Da dare zai aika a kira masa su biyun, a je gonar da safe a dasa gamba a kan iyaka. Baƙar maganar ya shashantar, iyakar kuwa ya tsaya a kanta. Wanda ya tsaya a labarin jaki ya tafi ya kwanta, rigimar tana nan, baɗi da sanda za a yi ta.

Yanzu mu shiga kasuwa, domin a nan ne kalmar ta yi gida ta yi rumbu. Duk wanda ya taɓa zuwa kara a Wudil ran Juma'a ya san yadda a ke yi. Mai saye ya ga sa yana ɗaga ƙafa, ya tambaya. Ba za a ce masa lafiyarsa lau ba, domin ido ya gani. Sai a ce ƙaya ya taka a hanya, kwana biyu ya ware. Ya ga tunkiya tana tari, a ce ƙura ce ta mota. Mai sayarwa yana ganin ya fita, tun da bai ɓoye ba, ai ya ambata. To, ya ku 'yan kasuwa, littattafan da mu ke karantawa ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana algus da ɓoye aibi a ciniki, kowa ya san wannan. Amma Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙara wani abu da mutane ba su cika kula da shi ba. Hukuncin shi ne, wanda ya san aibi a hajarsa wajibi ne ya faɗa, ya kuma siffanta shi yadda ya ke ko ya nuna shi, ba ya halatta ya dunƙule shi a magana guda. Watau idan ka san ƙafar san nan ta yi wata uku tana kumbura tana sacewa, ka ce ɗan ɗingishi, ba ka bayyana ba. Ka faɗi sunan aibin ka ɓoye girmansa, mai saye kuwa yana da haƙƙin mayarwa. Malaman nan sun san halin 'yan Adam, sun san mai wayo ba ya ƙarya tsirara, ya kan faɗi rubu'in gaskiya ne da murya mai daɗi.

Masu hatsi kada su yi dariyar masu dabbobi. Wake ba ya ajiyuwa, ƙwari na cin sa, wannan gaskiya ne. Sai aka shiga zuba masa maganin da mu ke kira fiya-fiya, wanda aka yi don kashe sauro da kyankyaso. In ka yi magana a ce ɗan magani ne, in an shanya ya fita, in an dafa ya mutu. Shekara da shekaru ana faɗin haka daga ƙauyukanmu har Dawanau. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin sun auna sun sami wannan magani a cikinsa fiye da ƙima nesa ba kusa ba, aka kuma yi ta sabunta hanin shekaru bayan nan. Su ba su san ɗan ba, ma'auni suka sa. Asarar kasuwa ke nan, ita ce ma mai sauƙi. Waken da bai tafi Turai ba ina ya tafi? Cikin ƙosai da alala da garau-garau ya shiga, 'ya'yanmu da almajiranmu suka ci.

Abin da ɗan kasuwa ya iya, hukuma ta fi shi iyawa, domin ita tana da rediyo. Kuna tune da watan Afrilu na 2020, gab da azumi da cikinsa, sa'ad da mutuwa ta sauka a birnin Kano. Masu haƙa kabari ne suka fara magana, suka ce abin da su ke binnewa a yini ya wuce abin da suka saba. Dattawa da manyan malamai da 'yan boko suka yi ta tafiya a jere. Bayanin da ya fito daga gwamnatin jiha a lokacin shi ne, hawan jini ne da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin sauro. Ku duba da kyau, babu ɗaya daga cikin cututtukan nan da ba ya kisa a Kano, musamman da bazara, ga kuma asibitoci da yawa sun rufe ƙofa don tsoro. Ai nan ne gwanintar shashantarwa ta ke, da tubalin gaskiya a ke gina ta. An ambaci sunaye huɗu da kunne ya saba da su, domin kada a ambaci na biyar. A ranar 27 ga watan nan Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Kano. A watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon binciken da aka yi, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana jin cutar korona ce sanadi ko ta taimaka. Kafin wannan magana ta fito, an riga an yi ta cincirindo a jana'iza da zaman makoki, ana musafaha, ana cewa zafi ne.

Ba na ɗora wa hukuma laifin ita kaɗai. Mu ma a lokacin mun so a shashantar da mu. Kasuwa muna so ta ci, masallaci muna so a buɗe, wanda ya ce mana zazzaɓi ne shi muka ɗauka masoyi. Shashantarwa ba ta cika sai da mutum biyu, mai faɗa da mai son ji.

Wani lokaci kuma kunyarmu ce ta ke cutar da mu da kanmu. Da damina ta 2022 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a ƙasar Ajingi, gidaje ɗaruruwa suka rushe, aka yi asarar rayuka da amfanin gona. A irin wannan hali a kan turo ma'aikata da takarda su rubuta abin da kowa ya rasa. Mutumin ƙauye ya ga baƙo da rigar birni ya ce masa sannu da wannan abu, yaya ɓarna? Sai ya amsa yadda ubansa ya koya masa, ya ce da sauƙi, ɗan bango ne ya zauna. Alhali ɗaki biyu ne da rumbu, iyalinsa suna kwana a makarantar boko. Shi gaisuwa ya amsa, mai takarda kuwa ƙididdiga ya rubuta. Ya kamata masu unguwanni da limamai su riƙa gaya wa jama'a cewa amsar gaisuwa daban, amsar tambaya daban. In an gama da sauƙi, sai a ce ɗaki biyu, rumbu ɗaya, dami kaza.

To, ga nawa labarin, ba don daɗinsa zan faɗa ba. Mai wa'azin da bai fara da kansa ba, iska ya ke yi wa.

A shekarar 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta yi ƙarfi a jihar Kano, har ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ina da kolo guda a makaranta, shekarunsa ba su wuce tara ba, daga wani ƙauye na ƙasar Ajingi aka kawo mini shi. Yaro ne mai murya, in yana biya allonsa da asuba har maƙwabta su kan saurara. Wata rana babban gardina ya same ni bayan la'asar ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan na Ajingi kwana biyu ba ya cin abinci, ya ce haɗiya na yi masa zafi." Na ce a kawo shi. Na taɓa jikinsa da ɗumi, na ga wuyansa ya ɗan tasa ta gefe biyu. Na sa ya buɗe baki, na hangi wani abu fari-fari mai duhu ya shimfiɗu a can cikin maƙogwaro.

Ya 'yan'uwa, ba zan ce ban sani ba. Rediyona yana rataye a zaure, kullum ana faɗin alamomin nan: ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, farin abu a maƙoshi, kuma tana yaɗuwa ta tari da atishawa da shan ruwa a moɗa ɗaya, tana toshe numfashi, tana taɓa zuciya. Duk na ji. Amma a daidai wannan lokaci wani abu ne ya faɗo mini a rai. Na tuna 2020, sa'ad da gwamnonin Arewa suka yi shawarar mai da almajirai jihohinsu, aka riƙa loda yara a motoci daga Kano zuwa Jigawa da Katsina da Kaduna, makarantu da yawa suka watse, waɗansu har yau ba su koma yadda su ke ba. Na ce a zuciyata, in na kai yaron nan asibiti aka ce mashaƙo ne, gobe ma'aikata za su cika mini ƙofa, jibi iyaye su kwashe 'ya'yansu, makarantar da na gada daga mahaifina ta tashi a hannuna. Duk wannan tunani bai kai tsawon karanta Fatiha ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ɗan mura ne, sanyin damina. A ba shi ruwan ɗumi da citta da kanumfari." Har na ƙara da wasa, na ce wa yaron ko dai tuwon gidan da ya ke bara ne bai yi masa ba. Yara suka yi dariya. Gardin nan bai yi ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce to, Malam. Wa zai musa wa malaminsa?

Kwana biyu aka ƙara. A na ukun da dare numfashin yaron ya soma ƙara kamar ana jan zarto. Gardin bai sake neman izinina ba, ya ari waya ya kira uban. Kafin hantsi mutumin ya iso a kan babur, ya ɗauki ɗansa, na bi su a baya. A asibiti, da likita ya leƙa bakin yaron, tambaya ɗaya ya yi, ya ce kwana nawa? Na ce biyar. Bai ce mini kome ba, ya juya ya ci gaba da aikinsa, shirun nan kuwa ya fi mini zagi ciwo. Aka keɓe yaron, aka yi masa allurai, aka zo makaranta aka ba sauran yara magani da rigakafi, aka sami biyu da suka soma, aka tare tasu da wuri. Abin da na ji tsoro ya faru kaɗan, iyaye huɗu suka ɗauke 'ya'yansu, uku suka dawo da su bayan salla. Iyakar asarar da na saya da kwana biyar na numfashin yaro ke nan.

Allah ya yi yaron yana da sauran kwana. Amma ya daɗe a kwance, kuma bayan an sallame shi muryarsa ta koma ta hanci, in ya sha ruwa ya kan biyo ta hancinsa, sai bayan watanni ta daidaita. Ran da za su koma gida na raka uban bakin titi, na soma ba shi haƙuri, na ce ƙaddara ce, kuma ga shi abin ya zo da sauƙi. Kun ji fa, ko a nan ban daina ba. Mutumin nan manomi ne, ko izu biyar bai haɗa ba. Ya tsaya ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban isa in yi maka gyara ba. Amma da ciwon a wuyanka ya ke ka ce da sauƙi, da na ce Malam mai haƙuri ne. To, a wuyan ɗana ya ke, kuma amana na ba ka." Ban sami abin cewa ba. Shekara talatin ina karantar da babin wadi'a, watau ajiya, ban taɓa jin sharhinsa kamar na bakin titin nan ba.

Daga maganarsa na ɗauki ma'aunin da na ke auna kalmar da shi yanzu. In zan ce ɗan, ko kawai, ko ba kome, sai in tambayi kaina, a jikin wa abin ya ke, kuma wa ke hutawa in an yi shiru? In a jikina ya ke, ina da iko. In a jikin wani ya ke, ni kuwa ni ne mai hutawa, to, harshena ba shaida ba ne a wannan shari'a, domin mai amfana ba ya shaida. Malami da almajiri a hannunsa, dillali da dabbar wani, mai awo da abincin jama'a, mai mulki da lafiyar talakawa, miji da matar da ke naƙuda tun jiya ana cewa ɗan jinkiri ne, duk hukuncinsu ɗaya a nan.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana malaman tsangaya abu guda, don na san inda tawa ta ɓullo. Girman da almajirai ke ba mu ya sa in mun ƙanƙanta abu babu mai iya mai da shi girmansa. Ɗan kasuwa in ya shashantar, mai saye yana iya kiran wani dillali ya duba. Mu kuwa in mun ce mura ce, ta zama mura har yaro ya daina numfashi. Saboda haka na kafa ƙa'ida a makarantata, na faɗe ta a gaban kowa: gardi uku na zaɓa, duk yaron da ya kwana biyu bai ci abinci ba, ko wuyansa ya kumbura, ko ya sanƙare, ko gudawa ta kama shi, su kai shi asibiti su kira ubansa, sa'an nan su zo su gaya mini. Ko na ce a bari, kada su bari. Wani aminina alaramma ya ce na zubar da girmana, na ba yara wuƙa da nama. Na ce masa na gwada riƙe wuƙar ni kaɗai, na ga abin da na yanka.

Uban yaron bai dawo mini da shi ba, ya kai shi wata makaranta kusa da gida, ban kuwa ga laifinsa ba. Mu kan haɗu jefi-jefi a hanyar Wudil, ya sauka daga babur ya gaishe ni da ladabi kamar da. In na tambayi yaron ba ya ce mini lafiya lau. Sai ya ce ya kai izu kaza, ya yi zazzaɓi kwana uku a watan jiya an kai shi an duba, yanzu yana cin abinci.